Sunan Inna

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Katin ya zo, alhamdulillahi. Baban Rahma ya shigo jiƙe sharkaf, amma ambulan ɗin ko ɗigo bai taɓa shi ba, don a cikin singileti ya ɓoye shi tun daga ofis. Wata biyu ke nan muna jiran wannan 'yar roba. Tun da aka ce an sake tsarin inshorar lafiya ta ma'aikata tsohon katinmu ya daina aiki, kowa sai da ya sake rajista. Shi direba ne a ma'aikata, ni da yaran nan uku a ƙarƙashinsa muke.

Sista Loyis ta ɗakin tazarar haihuwa ta riga ta gaya min cewa a sabon tsarin komai yana cikin katin. Da can kyauta ce a baki kawai. Ke za ki sayi safar hannu, ke za ki sayi allurar kashe zafi da filasta, kuma sau da yawa bayan kin sayo a ce kaya sun ƙare, ki dawo wata mai zuwa. Yanzu ta ce kati kawai zan miƙa.

Ashanar da ke dantsena, 'yar robar nan da ake sa wa mace a ƙarƙashin fata, ta cika shekara ukunta tun watan Mayu. Ranar tana nan rubuce da allin ɗinki a bangon shagona, saitin keke, duk ɗago kai sai na gan ta. Ba na son maimaita abin da likitar zuciya ta faɗa min bayan haihuwar Auta, amma littafin nan nawa ne, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ta ce zuciyata ta kumbura ta yi rauni, kuma in na sake ɗaukar ciki ba ta jin zan fita. Shi ke nan, ba zan ƙara rubuta wannan maganar ba.

Laraba zan je. Yau har gwate na dafa, na ci kwano biyu.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na dawo da hannuna yadda na tafi da shi.

Sun sa wani sabon tebur a bakin ƙofa, da kwamfuta da ɗan akwatin da ake ɗora yatsa. Na miƙa kati ina ta fara'a, na ɗora babban yatsa, abin ya kawo ja. Matar da ke wurin ta ce in goge yatsan, na goge a zane, ya sake kawo ja. Ta dubi kati, ta dubi kwamfuta, ta dube ni.

"Madam, wace ce Talatu?"

Na ce ni ce.

"To wace ce Maimunatu?"

Na ce ni ce.

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Ga yadda abin yake. Sunana na yanka Maimunatu, shi ke kan katin ɗan ƙasa, shi yatsana ya sani. To Inna, mahaifiyar Baban Rahma, ita ma Maimunatu ce. Ranar da aka kawo ni gidan nan ta tambayi ranar da aka haife ni, aka ce Talata, ta ce to ga Talatu, don ba za a dinga kiran sunanta a tsakar gidanta ba, ɗanta kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai furta shi ba. Shekara goma sha huɗu ke nan. Da masu rajista suka je ofishinsu suka ce masa sunan matarka, abin da bakinsa ya saba ya faɗa. Tsohon katin ma Talatu ne a kai, ba wanda ya taɓa damuwa, don Sista Loyis fuskata take dubawa. Sabon tsarin kuwa sai ya haɗa kati da lambar ɗan ƙasa kafin ya buɗe.

Sista Loyis ta fito ta ja ni gefe. Ita kowa "kai" ne a Hausarta, mace da namiji. Ta ce, "Talatu, ni na san ka, amma injin bai san ka ba. In bai buɗe ba, sito ba za su ba ni kaya ba." Na ce to in ba kati fa? Ta faɗi kuɗin, na ce haba Sista, ai ba sabon hannu zan saya ba. Ta matsa dantsena ta ji ashanar, ta ce ba ranar da ta cika take mutuwa ba, yawanci tana ƙara jan lokaci, amma mai irin zuciyata ba ta zama a kan yawanci. Na riƙe rabin maganar na farko na taho da shi, ya ɗan sanyaya min rai a hanya.

Maganin zuciyar ma ba su ba ni ba. Shi ma katin ne.

Laraba, bayan magariba

Baban Rahma ya ce, "Ai Talatu kowa ya san ki da shi." Na ce kowa ban da gwamnati. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Na so in yi masa tas, sai na hango Inna a bakin ƙofarta tana jan carbi, na haɗiye. Inna ba ta san da zancen hannun nan ba. Ta san ina shan maganin zuciya, iyakarta ke nan. Tsohuwar da kullum take ce wa baƙi 'ya'ya uku ai somin-taɓi ne, ta ina zan fara mata?

Juma'a, 11 ga Yuli, la'asar

Ya je ofishin inshora. Sun ce gyara ne mai sauƙi, sati biyu. Wanda ya shigar da sunan shi zai je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa Talatu da ɗaya sunan duk mace ɗaya ce, ya kai musu. Na ce to ni in je in rantse mana, ba sunana ba ne? Ya ce ya tambaya, sun ce sai mai katin.

Sati biyu ba komai ba ne. Na ji sanyi, wallahi na ji sanyi.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Na koma kwana ɗakin yara. Na ce wa Inna Auta yana tari.

Litinin, 14 ga Yuli, azahar

Na rufe shago na leƙa wani ƙaramin asibiti a nan Laranto, kusa da shagona, wai ko za a dace a yi min kyauta irin ta da. Matar ta buɗe min kabad in gani da idona. Wayam. Ta ce tun azumi ba a kawo musu ba.

Baban Rahma ya je kotu, ya ce mai rantsarwar bai zo ba.

Na sayo yadin yunifom, shuɗin nan na makarantar su Abdulfatah, ɗana na biyu. Auta zai shiga nazare a Satumba. Yadi ɗaya da rabi ya ishe shi, ban san me ya sa na ce a yanko shida ba.

Laraba, 16 ga Yuli, hantsi

Warin man keke ya tayar min da zuciya yau, sai da na fita bakin kwata. Shekara ashirin ina shaƙar man nan.

Baƙuwar wata ta yi lattin kwana shida. Da ashanar nan dama ba ta da tsayayyen lokaci, na sani. Na sani.

Alhamis, 17 ga Yuli, la'asar

Na ɗinka wa Auta yunifom ɗinsa, ya fita kyau. Da na gama sai na yanka wani, na ƙara inci biyu a tsayi, ɗaya a kafaɗa. Mai shagon kusa da ni ta ce wannan ai ya yi wa ɗan shekara uku yawa. Na ce na kwastoma ne.

Kotu kuma yau ba wuta, in ji Baban Rahma.

Asabar, 19 ga Yuli, azahar

Kwana tara.

Na gama na ɗan shekara huɗu, na yanka na ɗan shekara biyar. Na ninke su na sa a ƙasan akwati, kowanne na maƙala masa 'yar takarda da fil na rubuta shekarun a kai, yadda Rahma za ta gane ba sai ta tambayi kowa ba. Shekararta goma sha uku, tana da hankali. Saura na shida, yadin zai isa.

Lahadi, 20 ga Yuli, azahar

Ina wanki na ciro takarda a aljihun kaftanin Baban Rahma. Takardar rantsuwar ce, an buga ta tsaf, da ranar Litinin a kai. Babu hatimi, babu sa hannu. Ashe mai rantsarwa ya zo, ashe wuta ma akwai.

Na bari Inna ta tafi barka maƙwabta da yaran, na ajiye masa takardar a kan gwiwa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce wajen mai buga takarda bai sha wahala ba, katin ɗan ƙasana ya miƙa aka kwafa. Amma a gaban mai rantsarwa sai an ba ka Alƙur'ani ka riƙe, yana faɗa kana maimaitawa da bakinka. Sau biyu yana kaiwa daidai wurin sunan. Na farko ya ce "sunan Inna", mutumin ya ce ba haka aka rubuta ba. Na biyu ya buɗe baki iska kawai ta fito, ga mutane suna jira a baya, ya ajiye Alƙur'anin ya fito.

"Wallahi Talatu ba ƙi na yi ba. Bakin ne ya ƙi."

Ni kuwa sai nawa ya buɗe. Na ce to ka adana shi, ka ji, ka adana bakin. Ranar da za a kai sanarwata masallaci wane suna za ka ba liman, ko shi ma sunan Inna za ka ce masa?

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tashi ya ɗauki buta, alhali ba lokacin salla ba ne. Na kife bokiti na zauna a kai na yi kukana. Na ji haushinsa, na ji haushin bakina, kuma tsoro nake ji, tsoro sosai.

Litinin, 21 ga Yuli, la'asar

Na hau keke napep har Tina Junction, kemis ɗin Arinze, don a nan unguwarmu Congo-Russia duk mai kemis ya san Inna. Matar Arinze ni nake mata ɗinki. Na ce ya ba ni ƙwayar nan da mata ke sha kullum, in riƙe da ita kafin katin ya gyaru. Ya ce wane magani nake sha, na nuna masa kwalin na zuciya. Ya mai da ƙwayar kan kanta.

"Mama Rahma, wannan ba da ni ba. Mai shan irin maganin nan, sai likitanta ya ce."

Na ce kuɗina ne fa. Ya ce, "Kuɗinki ne, shagona ne." Na so in ji haushi, na kasa.

Ya zazzage kwalin nawa a tafin hannunsa, ya ga duk an raba ƙwayoyin biyu. Eh, tun da kati ya ƙi rabi-rabi nake sha don su kai ni. Ya yi ta faɗa da Turanci da Hausa, ya ce wannan kaɗai ya isa ya birkita min jiki. Na sayi na kwana goma, na yi masa alkawarin sha guda-guda.

Ina shirin fita ya rage murya ya ce kwana nawa. Ban san a ina ya gani ba. Na ce sha ɗaya. Ya naɗe min tsinken gwaji a takarda, ya ce gobe da sassafe, layi ɗaya babu, layi biyu akwai, kuma ko wanne ne gara in sani in ruga wurin likita da wuri. Ya ƙara da wani ɗan kwali ya ce wannan na oga ne. Na tura masa abinsa, sai kuma na janyo na jefa a jaka ban dube shi ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan asuba

Layi ɗaya.

Talata, bayan azahar

Na kai shi bakin taga na duba, na juya shi na sake dubawa. Ɗaya ne. Na faɗi na yi sujada a tsakar ɗaki, Rahma ta farka ta ce Mama lafiya, na ce allura ce ta faɗi nake nema.

Tun Lahadi ba mu yi magana da Baban Rahma ba sai gaisuwa. Na same shi yana goge takalmi, na nuna masa tsinken gwajin, na ɗaga masa yatsa ɗaya. Ya gane. Ya zauna a kan turmi da burushi a hannu, yana ta alhamdulillahi ya fi sau goma. Na haɗa masa shayi mai kauri, na ce maganar liman ɗin nan ka yafe min. Ya ce ai gaskiya na faɗa. Na ce gaskiyar ma ka yafe.

Yau keken nan kamar shi ke taka kansa. Na gama zannuwa uku kafin azahar, na sayi masara gasasshiya na raba wa duk layin shagunanmu. Suna ta tambaya me aka samu, na ce ba komai, kuma gaskiya ce.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

Baƙuwa ta iso. Ban taɓa murnar ciwon mara ba sai yau.

Juma'a, 25 ga Yuli, ana masallaci

Kasuwa ta yi tsit, ina zaune ina tunani. Ni da nake masa gori, yaushe na taɓa kiran sunansa? Kafin aure "kai" nake ce masa, bayan aure Malam, da aka haifi Rahma ya zama Baban Rahma. Inna ma ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne, Direba take ce masa. Gida guda, manya uku, babu mai kiran wani da sunansa.

Na gwada yanzu, ba kowa a shagon. Harshen ya yi nauyi kamar dutsen guga. To bari in rubuta.

Labaran.

Na rubuta, kuma sai da na waiga.

Amma duk da haka katin yana nan a rufe, ashanar kuma kullum ƙara tsufa take. Wannan karon Allah ya tsare. Ba zan iya sake kwana goma sha biyu irin waɗancan ba.

Asabar, 26 ga Yuli, la'asar

Inna ta kira ni in taya ta rairayar acca. Muna cikin yi, ita da ƙwaryarta ni da tawa, ta ce, "Sati biyu ina kasa kunne, yaron nan ko tari ɗaya bai yi ba."

Na ce ai ya samu sauƙi.

Ta tsame hannu daga ruwa, ta kama dantsena na hagu, ta ɗora babban yatsa daidai wurin, ko lalube ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan ce ta ƙare?"

Ƙwaryar ta kusa suɓuce min. Ta ce wa yake shafa min man zafi lokacin da ba na iya ɗaga hannu? Shekara uku tana sane. Na ce amma kika yi shiru, Inna? Ta ce ke ma ai shirun kika yi. Na ce to zancen somin-taɓin fa? Ta ce, "Baki ne. In mutane sun tambaye ni me ya tsayar da ke, asirinki zan kwance musu?"

Ta koma kan accarta, ta daɗe tana juyawa. Can ta ce, "Ni na dafa miki ruwan jego. Ni na dama miki kunun kanwa, kofi biyu kullum, ina tsaye a kanki sai kin shanye. Haka aka yi min, haka na yi miki. Da likitar nan ta ce a daina, ina bayan labule, na ji ta." Na ce Inna ba wanda ya ce ke ce. Ta ce, "Ban tambaye ki ba."

Sai na kwashe komai na gaya mata, injin da kati da kotu da bakin da ya ƙi. Ta yi dariya har ta ƙware, na bubbuga mata baya. Da ta dawo daidai ta ce, "Au, ashe sunana ne ya tare muku hanya." Ta ɗaga murya, "Direba." Ya fito da sauri ya durƙusa. Ta ce Litinin da ita za a je. Ya ɗago zai yi magana, ta ce masa ta gama.

Accar nan an dafa ta da yashinta, ba wanda ya ce uffan.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan a tsanake, don ina so in riƙe shi.

Inna ta sa lafayarta ta zuwa biki. Mu uku a bayan keke, ita a tsakiya, ruwa yana ta tsula. Baban Rahma ya yi alwala tun daga gida, ya sake wata a famfon kotu. Mai rantsarwar dattijo ne, Mista Badung, da tabarau a karan hanci. Yana ganinsa ya ce, "Oga direba, ka dawo. Yau ka zo da bakin?"

Inna ta ce, "Yallaɓai, ya zo da mai sunan."

Mista Badung ya cire tabarau ya gaishe ta, ya sa aka kawo mata kujera. Ya ce shi ma a Jos aka haife shi, ya san wannan kunyar, amma aikinsa ne sai ya ji da kunnensa kafin ya buga hatimi. Inna ta ƙi zama. Ta tsaya gaban ɗanta, da ƙyar ta kai masa ƙirji, ta ce, "Kai. Sunan nan ubana ne ya yanka rago ya ba ni, nawa ne. Na ara maka shi yau. Ka faɗa, na yafe."

Aka miƙa masa Alƙur'ani. Takardar da Turanci take, Mista Badung yana mayarwa Hausa, shi yana bi. Ni wane, direba, na rantse cewa matata da aka rubuta Talatu, sunanta na yanka. Nan ya tsaya. Ina ganin gumi a goshinsa cikin wannan sanyin. Leɓensa ya motsa. Mista Badung ya ce ruwan nan yana dukan kwano, bai ji ba.

Baban Rahma ya rufe ido, ya ce, "Maimunatu."

Muka ce, "Na'am." Ni da Inna, a tare.

Wallahi ba shiri muka yi ba. Bakina ne ya amsa da kansa, yadda nake amsa wa babana. Mutanen da ke layi suka yi dariya, Mista Badung ma yana dariya yana buga hatimi. Inna ba ta yi ba. Ta ja gefen lafaya ta goge ido, ta ce hayaƙin janareta ne. A hanyar dawowa ta ce rabon da wani ya kira ta da sunan nan tun rasuwar yayarta, shekara ashirin da wani abu. Shi kuwa har muka iso gida bai ɗago kai ba, amma takardar tana cikin singileti.

Ya kai ta ofishin inshora kafin su tashi.

Laraba, 30 ga Yuli, da safe

Inna ta karɓe kwalin maganina. Yanzu ita ke miƙo min guda, tana tsaye har sai na haɗiye. Na ce Inna irin tsayuwar kunun kanwa ke nan. Ta ce, "Rufe min baki," amma ta yi murmushi.

Talata, 5 ga Agusta, azahar

Shiru daga ofis. Ban yanka komai ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, la'asar

Baban Rahma ya shigo yana ɗaga ambulan tun daga ƙofa. Na karanta sunan sau uku. Rahma ta leƙo ta ce, "Mama, katin Inna ne?" Na ce nawa ne. Ta ce ita ba ta taɓa sani ba. 'Yar da na haifa, shekara goma sha uku.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Na ɗora yatsa, ya kawo kore. Matar teburin ta gane ni, ta ce yau ke ɗaya ce ke nan. Na ce ni ɗaya ce.

Sista Loyis ta fara sa ni gwajin fitsari, ta auna jini, sannan ta kwantar da ni ta ɗaga hannun. Allurar ce kawai mai zafi. Ta ciro tsohuwar ta nuna min a faranti, 'yar mitsitsiya, ko tsinken ashana ya fi ta kauri. Na ce Sista wai wannan ce ta hana ni barci wata uku? Ta ce, "Wannan ne ya tsare ka shekara uku, ka gode masa." Ta sa sabuwa, ta naɗe da bandeji, ta rubuta min ranar dawowa. Na tsaya ina jiran a ce je ki sayo kaza, ba wanda ya ce. Na biya wajen magani, na karɓi na wata guda cif, ɗan abin da na cika bai kai kuɗin keken da ya kawo ni ba.

Na ga wata mata a bakin teburin, yatsanta ya kawo ja, tana ta rantsuwa ita ce. Na tsaya na gaya mata hanyar kotu da ƙofar da za ta shiga, na ce ta tafi da mai katin, in da hali har da uwarsa.

Daga can shago na wuce. Na jiƙa tsumma na goge tsohuwar ranar da ke bango, na rubuta sabuwa da alli. Shekara uku nan gaba.

Da na dawo gida ya tare ni a zaure ya ce, "Talatu, ya hannun?" Na ce da sauƙi, Baban Rahma. Inna tana jinmu daga ɗaki ta ce wa Rahma ta kwashe min tabarmata daga ɗakinsu, tarin Auta ya warke.

Yanzu na buɗe akwati. Na ciro na ɗan shekara huɗu da na biyar, na zare fil ɗin, na yaga 'yan takardun. Na kira Auta na kara masa na huɗun a jiki, ashe ma kafaɗar ba ta yi ba, ƙiyasi na yi, yaron nan faɗi yake yi ba tsayi ba. Sauran yadin da na ware wa na shida na ninke na mayar ban yanka ba. In ya kai, na auna shi.